Abin da Noreen Ta Rubuta a Hannun Milo

Duk wanda ya yi firamare a garinmu ya fi sanin ƙeyar Noreen Halvorsen a kan fuskarta, domin shekara talatin ta yi tana tuƙa motar makaranta, doguwar nan ruwan ɗorawa mai bin hanyar bakin tafki. Bayan kanta yara suke gani, sai idanu biyu a madubi. Ba ta tsawa. In hayaniya ta yi yawa, sai ta gangara gefen titi, ta kashe mota, ta buɗe fulas ɗinta na kofi tana kurɓa, har kowa ya shiga taitayinsa. Ni sunana Gail, shinge ɗaya ne ya raba gidana da nata. Abin da zan ba ku, wani da idona na gani, wani kuwa da bakinta ta faɗa mini, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, don Noreen in ta yi magana goma a yini to ranar ta sha surutu.

Shekara talatin da huɗu suka yi da Paulette Maki a gidan nan. Matarta ce a komai, ban da takarda. Paulette mai gyaran gashi ce, gajeruwa, mai dariyar da ake jiyowa daga tsallaken titi. Ta zo gidan ne bayan aurenta ya mutu, riƙe da hannun ɗanta Curtis, yana ɗan shekara shida. A wancan lokacin tsohon mijinta ya rantse cewa duk ranar da ya sami shaidar abin da ke tsakaninsu, kotu zai kai ta ya karɓe yaron. Ita ma Noreen ta san in magana ta kai ofishin makaranta, makullin mota za a ce ta ajiye. Saboda haka suka shirya ɗakin baya, suka sa gado da fitila da 'yan littattafai, don duk baƙon da ya leƙa ya ga wurin kwanan Noreen. Shi kuma yaron aka zaunar da shi aka sa ya haddace, kamar karatun aji.

"Wace ce Noreen?"

"'Yar haya ce."

"A ina take kwana?"

"A ɗakin baya."

To, duniya ta juya. Curtis ya girma, ya yi aure, uban nan da ake tsoro ya mutu, doka ma ta canza har mata biyu suna iya zuwa a ɗaura musu aure ido na ganin ido. Paulette ta yi ta naci. "Ke tsohuwa, tashi mu je a ɗaura mana, in ga ko za ki sa riga mai kyau sau ɗaya a rayuwarki." Noreen ta ce, "Mu da furfura? Ki bar wa yara." Gadon ɗakin baya kuwa, wanda ba a taɓa kwana a kansa ba, kowace Asabar sai ta canza masa zanen gado. Da aka haifi jikoki, Tessa da ƙanenta Milo, Paulette ta ce su riƙa ce musu Kaka su duka biyun. Noreen ta ce a'a, Anti ya isa.

Wuri ɗaya ne kawai take barin Paulette ta riƙe mata hannu a bainar jama'a, shi ma sau ɗaya a shekara: ranar faretin alfahari na masu son jinsi ɗaya, Asabar ta biyu a watan Yuni, a gaban tsohon shagon takalma da aka rufe. Faretin namu ba wani babba ba ne. Mata masu babura a gaba, sai mawaƙan wata coci, sai 'yan akori-kura da aka lulluɓe da tutocin bakan gizo, minti arba'in an watse zuwa filin shaƙatawa. Tun Tessa tana shekara uku Paulette take zuwa da ita a cikin wani jan amalanke na yara. Aikin Noreen shi ne ta fita tun ƙarfe shida na safe ta jera kujerun naɗewa a bakin titi kafin wani ya riga su wurin.

A watan Fabrairu zuciyar Paulette ta tsaya, tana cikin kankare ƙanƙara daga gilashin mota. Curtis ya ce Noreen ta rubuta sanarwar rasuwa, tunda ta fi kowa saninta. Na gani a jarida da safe, har kofina ya huce ban sha ba. Ta rubuta cewa marigayiyar ta bar ɗa, da surukarta Shauna, da jikoki biyu, "da kuma ƙawarta ta shekaru masu yawa, Noreen Halvorsen." A coci kuwa, ranar jana'iza, sahu na uku ta zauna, kusa da ni. Curtis ya bar wuri a gefensa a sahun gaba. Ya waiwayo sau ɗaya, ya sake waiwayowa. Ita takalmanta take kallo.

Daga nan yaran da suke zuwa kowace Lahadi suka daina zuwa. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya ce wa wani uffan. Shi bai kira ba, ita ba ta kira ba. Na ce mata, "Ke dai ɗauki waya, ai ba cizo take yi ba." Ta ce, "Ba jinina ba ne, Gail. Da wane baki zan ce a kawo mini su?"

Wata huɗun nan na ga abin da ban so ba. Hannunta ya ƙi koyon girkin mutum ɗaya, sai ta riƙa miƙo mini rabin tukunya ta saman shinge. Ta daina cin abinci a tebur, a tsaye take ci a gaban wurin wanke-wanke, tana kallon gareji inda jan amalanken yake rataye a ƙusa. Ƙarfe uku na yamma, lokacin tashin makaranta, sai ta shiga motarta ta bi tsohuwar hanyar bas ɗinta, har da rage gudu a wuraren da take sauke yara da, alhali shekara biyar ke nan da ta yi ritaya. Na tambaye ta inda take zuwa. Ta ce mota ba ta son zama.

Cikin watan Mayu labari ya iso mata, shi ma a bakin mai kanti ta ji, cewa Curtis ya sami aiki a Arizona, ƙarshen Yuni za su tashi. Tafiyar kwana uku ce a mota. Ranar tukunyar gaba ɗaya ta miƙo mini.

Sai ga waya. Tessa ce, 'yar shekara tara, ta ɗauki wayar ubanta ta kira da kanta. "Anti Noreen, wa zai kai mu faretin bana?" Kafin ta sami amsa Curtis ya karɓa. Ya ce, "In kina so, babu damuwa, mu dama muna fama da kwalaye. Ki dawo da su kafin ƙarfe huɗu. Ki sa ido a kan Milo, ba ya zama wuri ɗaya." Iyakar hirar ke nan.

Ranar ta zo bakin shinge ta kira ni hira, abin da ba ta saba ba. Ta ce ta yanke shawara. In ta kai yaran ta dawo da su lafiya, ba ko ƙwarzane, to a bakin ƙofa za ta roƙi Curtis ya riƙa turo mata su hutun bazara, ko da mako ɗaya ne a shekara. In kuwa ba ta roƙa ranar ba, ta san shi ke nan, za su tafi su girma, ta zama wata tsohuwa da suka taɓa sani. Har ta tsara maganar, ta karanta mini ita sau uku. Na ce, "Ke roƙo za ki yi ko neman aiki? Ki saki jiki mana." Ta harare ni irin hararar madubi.

Shiri kuwa kamar mai tafiya yaƙi. Ta sauko da amalanken ta wanke, ta sa wa ƙafafunsa mai. Ta sayi man kare fata daga rana, da filasta, da huluna biyu. Ta tuna bara Milo ya yi kuka saboda ƙarar babura, sai ta nemo masa abin toshe kunne irin na masu aiki da injin, mai kama da kwanuka biyu. Ƙarfe shida na safiyar Asabar ta jera kujeru a gaban shagon takalma. Sai da ta gama ta ƙirga ta ga huɗu ta jera. Ta naɗe ɗaya, ta tsaya riƙe da ita, ta sake buɗe ta ta mayar.

Ni kowace shekara aikin sa-kai nake yi a rumfar yara da ke filin shaƙatawa. Al'adarmu ita ce kafin fareti a kawo kowane yaro a ɗaura masa munduwar takarda a hannu, mai layi uku: sunan babban da ya zo da shi, da lambar waya, da abin da yake a wurin yaron. In yaro ya ɓace aka kawo shi rumfa, idan an rubuta uwa ko uba ko kaka, da zarar mutum ya zo ya nuna kati sai a ba shi ɗansa. In kuwa wani abu daban aka rubuta, to sai an kira iyaye sun zo da ƙafarsu. Shugabar rumfar wata matashiya ce, Kendra, malamar makaranta, rabin gashinta kore, ga fara'a, amma a kan doka ba ta san kowa ba.

Wajen ƙarfe goma suka iso, Milo a cikin amalanke kamar wani attajiri, Tessa tana gaba tana ba da umarni.

Na ce, "Kai, su wa nake gani? Milo, kai ne ka zama ƙato haka? Me suke ba ka a gida, taki?"

Ya ce, "Shekarata biyar. Ke nawa?"

"Ɗari da biyu."

"Anti Noreen ta fi ki."

Na ja Tessa gefe ina zana mata bakan gizo a kumatu. Kendra ta miƙa wa Noreen biro da munduwa biyu. Ta rubuta suna, ta rubuta lamba, ta iso layi na uku. Kendra ta ce, "Kakarsu ce ke, ko?" Ku duba wurin da ake wannan tambaya. A bayanta maza biyu ne suke gardama a kan wanda ya manta da kwalbar madarar jaririnsu. Tutoci ta ko'ina. Ba mai kai ƙara, ba mai korar wani daga aiki. Amma hannun da ya shekara talatin da huɗu yana rubuta komai ban da gaskiya a takardun asibiti da na makaranta, bai jira ta yi tunani ba. Ta rubuta: ƙawar iyali.

Kendra ta ce, "To sai ki ƙara mini lambar mahaifinsu a ƙasa."

Na ce, "Noreen!" Ta harare ni, ta ajiye biron. Da aka ɗaura musu, Tessa ta juya hannunta ta karanta, ta ɗaga kai. "Ƙawar iyali? Kamar Gail ke nan?"

Noreen ta ce, "Ku zo mu je, za a fara."

Abin da ya faru a bakin titi ita ta ba ni daga baya. Babura suka taso da rugugi, Milo yana tsaye a kan kujera da kwanukansa a kunne, yana ihu shi kaɗai ba ya jin kansa. Wata tsohuwar ƙawarsu a cikin masu baburan ta rage gudu daidai kujerar da ba kowa, ta dafa ƙirji, ta wuce. Aka yi ta watso alewa daga akori-kura, yaran suna tsincewa suna zubawa a hula. Sai ga ayarin iyaye matan nan da suke tafiya hannu a buɗe, suna rungume duk wanda danginsa suka juya wa baya. Ɗaya ta nufo Noreen. Noreen ta ɗaga mata hannu ta ce, "Ki kai wa matasa, ni lafiyata ƙalau."

Da mawaƙan coci suka iso, daidai wurin da Paulette ta saba lalubo hannunta, sai ta ji wani ƙaramin hannu ya shiga cikin nata. Tessa ce. Ba ta ko kalle ta ba, idonta yana kan fareti, ta dai san lokacin ne. Gilashin Noreen ya yi hazo. Ta cire shi tana gogewa da bakin riga, wataƙila na daƙiƙa ashirin. Da ta mayar, kujerar Milo ba kowa.

Wata mota ce ta wuce tana feso kumfar sabulu, yara suka bi ta a guje. Noreen ta hango hular Milo can gaba a cikin ƙafafun mutane. Ta ƙwala masa kira, matar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, har mutane suka waiwayo. Shi kuwa ina zai ji? Ai ita da hannunta ta toshe masa kunne. Ta ja Tessa suka kutsa, gwiwarta mai ciwo tana ƙara, suka kai ƙarshen titi suka dawo, suka leƙa ƙarƙashin tebura. Babu shi.

Shi gogan yana rumfarmu. Duane mai aiki a kemis ne ya kawo shi a saɓe, kuma ranar Duane ya sha doguwar riga mai walƙiya da takalmi mai tsini da gashin kanti kamar tulin auduga. Ya dire shi a tebur ya ce, "Ga wani bawan Allah na tsinta yana bin kumfa zai faɗa tafki. Na yi masa magana ya ƙi kula ni, na ce kai, ni da na yi awa uku ina kwalliya? Ashe kunnen a rufe yake." Na cire masa kwanukan. Milo ya dubi Duane sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai ba Kaka magani." Duane ya ce, "Shi ke nan, an tona ni," ya ɗingisa ya koma fareti.

Kafin in juyo, Kendra ta karanta munduwar ta kira Curtis.

Ba a jima ba Noreen ta iso, hula a hannu, fuska ba jini. Ta hango yaron yana cin gugguru, ta dafa sandar rumfa. Sannan ta miƙa hannu za ta ɗauke shi. Kendra ta shiga tsakani, da ladabi.

"Ki yi haƙuri, sai mahaifinsa ya zo. Yana hanya."

Na ce, "Haba Kendra! Ke ma fa a motarta kika yi firamare. Sau nawa kika yi mata amai a kujera?"

Ta ce, "Na sani, Gail, wallahi na sani. Amma abin da ke hannunsa nake bi. Ba ni na rubuta ba."

Noreen ba ta yi musu ba. Ta ja wata 'yar kujerar yara a wajen igiyar da ta kewaye rumfa ta zauna, gwiwoyinta har ƙirji. Yaron yana ciki, ita tana waje, taku uku tsakaninsu. Kiɗa yana tashi, ƙamshin gasasshiyar masara ya cika filin, mutane suna wucewa bibbiyu. Na kawo mata ruwa. Ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ta ce, "Abu ɗaya ya ce in yi, Gail. Ɗaya tak. Yanzu da wace fuska zan roƙe shi?"

Minti ashirin Curtis ya iso, da tsohuwar rigar aiki, salatif maƙale a wandonsa. Ya tsallake igiya ya ɗaga yaron, ya duba shi gaba da baya. Milo ya ce, "Baba, na ga mai kemis da rigar mata, ya fi Mama tsawo." Curtis ya sauke ajiyar zuciya. Kendra ta kamo hannun yaron za ta yanke munduwar, sai idon Curtis ya faɗa a kan rubutun. Ya riƙe hannun ya daɗe yana kallo.

Noreen ta miƙe da ƙyar. "Curtis, laifina ne. Gilashina na cire..."

"Bar maganar ɓata. Yaron nan sau biyu yana ɓace mini a kanti. Wannan nake tambaya. Mene ne wannan?"

"Haka muka saba rubutawa."

"Na san yadda muka saba, ai ni aka sa na haddace. 'Yar haya ce, a ɗakin baya take kwana. Shekarata shida a lokacin. Yanzu arba'in nake, Noreen. Mutumin da kuke tsoro ya shekara goma sha biyu a kabari. Wa ya rage kike ɓoye wa? Ni?"

Ya ci gaba da magana.

"Na ce ki rubuta sanarwa, na buɗe jarida na ga ƙawa. Na bar miki wuri a coci, kika je kika zauna a baya kamar wadda ta zo gaisuwa. Sai na ce wa Shauna, to, ashe Mama take so, mu kaya ne da ta tarar a hannun Mama. Tunda Mama ta tafi, kada mu dame ta."

Noreen ta ce, "Ni kuma na zaci da ta tafi, dalilina ya tafi. Ban haife ka ba. Ba ni da takarda ko ɗaya."

"Wa ya koya mini tuƙi? Wa ya yini da ni a asibiti ranar da na faɗo daga kan gareji na karye?"

"Ni ce." Ta ƙara da cewa, "A takardar asibitin ma maƙwabciya na rubuta."

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda take fitowa tare da hawaye, ya goge fuska da hannun riga. Ya juya wurin Kendra ya ce ta ba shi sabuwar munduwa guda biyu. Na zaci shi zai cike. Sai ya ajiye su a tebur, ya miƙa wa Noreen biron.

"Ni ba zan rubuta miki ba. In ba haka kike ji ba, ki bar wurin fili, ba zan riƙe ki ba."

Matar nan na sha ganinta tana juya doguwar bas a kan ƙanƙara da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kofi. Ranar biro ya gagare ta riƙo. Ta rubuta suna, ta rubuta lamba, ta tsaya a layi na uku har na ji kamar in fizge in rubuta mata. Sannan ta sunkuya, harafi huɗu, kowanne ya kama gabansa. Tessa ta leƙo ta ƙarƙashin hannunta ta karanta da ƙarfi.

"Kaka. Kai, Kaka, rubutunki ya fi na Milo muni."

Milo ya ce, "Ina alewata?"

Alewar tana can a bakin titi tare da amalanke da kujeru huɗu. Suka tafi ɗaukowa gaba ɗayansu. A hanya ne ta yi roƙon nata, kuma duk tsarin da ta yi ya watse, abin da ya fito kawai shi ne, "Bazara... in akwai hali... ko mako guda." Curtis ya ce, "Wata huɗu kina riƙe da wannan?"

Kada ku zaci daga nan komai ya gyaru. Ƙarshen Yuni suka tafi, kamar yadda aka tsara. Ta tsaya a bakin titi har motar kayan ta sha kwana, ta dawo ta rataye amalanke a ƙusarsa. Ran Lahadi suna kira, wani makon su manta, ita kuma har yanzu sai ta yi ta zagaye wayar kafin ta kira da kanta. Hunturu ya zo ya same ta ita kaɗai, tana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida da ba mai shigowa. Rabin tukunya bai daina tsallako shinge ba. Munduwar Milo tana manne a ƙofar firji, ta farkon da ta biyun, gefe da gefe. Na ce ta yar da ta farkon, ta ce a'a, ita ma ai rubutunta ne.

Bana ba su sami zuwa fareti ba, sai watan Agusta za su zo, an riga an sayi tikitin jirgi. Ɗakin baya ta fitar da littattafan da ba mai karantawa, ta ƙara ƙaramin gado a gefen na da. Kowace Asabar tana canza zanen gado kamar kullum, tana ƙirga makonni a kalanda.

Ranar faretin na gudu daga rumfa na minti goma don in leƙa ta. Kujeru biyu ta jera a gaban shagon takalma, tana kan ɗaya. Wasu 'yan mata biyu, baƙi ne a garin, suka tsaya kusa, ɗaya da tsohon ciki. Ɗayar ta ce, "Don Allah, akwai mai wannan kujerar?"

Noreen ta dubi kujerar.

"Ta matata ce," ta ce. "Ta rasu bara. Zauna, ba za ta so ki tsaya da wannan cikin ba."

Yarinyar ta zauna. Can sai Noreen ta laluba aljihu ta fito da waya, tana dannawa da yatsa ɗaya. "Bari ki ga jikokina. Suna Arizona. Wannan ƙaramin, kada ki yarda ki ɗauke ido daga kansa."

Babura suka taso, ban ji sauran ba. Da aka watse ta naɗe kujerunta biyu, ta saɓa ɗaya a kowace kafaɗa, ta bi gefen titi a hankali ta nufi gida.